Kyautar Anna Jeanes da Malamai Masu Zagaya Ƙauyuka

A shekarar 1865 aka hana bauta a ƙasar Amurka, amma 'yancin nan bai zo wa baƙar fata da ilmi ba. A jihohin kudu doka ta raba makarantun Turawa da na baƙar fata, kuɗin da hukumar kowace gunduma ke fitarwa daga baitulmali kuwa, mafi yawansa makarantun Turawa yake tafiya. Makarantar baƙar fata a ƙauye sau da yawa ɗaki guda ce na katako, ko kuwa a ari coci. Malami ɗaya ne, shi ma karatunsa bai yi nisa ba, kuma ba safai wani ke zuwa duba aikinsa ba.

Ana cikin wannan hali, a 1907 wata tsohuwa a birnin Filadelfiya, sunanta Anna Jeanes, wadda ta gāji dukiyar gidansu, ta ba da dala 1,000,000. Ta kafa sharaɗi, cewa ƙananan makarantun baƙar fata na ƙauyuka za a taimaka wa da kuɗin. Ta nemi Booker T. Washington, shugaban makarantar Tuskegee, da Hollis Frissell na makarantar Hampton, su zaɓo amintattun da za su riƙe dukiyar. A shekarar nan ta rasu, ba ta ga abin da kyautarta ta haifa ba.

To, kuɗin nan da yawa a hannun mutum guda, amma in an raba wa makarantun kudu duka, kowace sai ta sami abin da bai taka kara ya karya ba. Dabara ta fito ne daga gundumar Henrico ta jihar Birjiniya. A can akwai wata malama, Virginia Randolph, wadda iyayenta dā bayi ne. Tun 1892 take koyarwa a wata 'yar makaranta. Ta gyara ta, ta dasa itatuwa, ta jawo iyayen yara a jiki, ta haɗa karatu da ɗinki da dafuwa da sassaƙa. Shugaban makarantun gundumar, Jackson Davis, ya roƙi amintattun su biya albashinta don ta riƙa zagayawa tana nuna wa sauran malamai. A 1908 ta kama aiki, makarantu 23 ke ƙarƙashinta.

Daga nan abin ya bazu cikin jihohin kudu, har aka riƙa kiran irin waɗannan masu zagayawa malaman Jeanes, galibinsu mata ne baƙar fata. Da fari asusun ke ɗaukar nauyin albashi, daga baya aka riƙa jawo hukumar gunduma ta biya wani kashi, don kada aikin ya mutu ran da kyauta ta ƙare. Labarinsu ya kai Afirka, har a 1925 aka buɗe makarantar horar da irinsu a Kabete ta ƙasar Kenya.

Amma fa ba a rasa masu suka ba. W. E. B. Du Bois da wasu masana sun ga cewa yawan ƙarfafa aikin hannu tauye yaran baƙar fata ne, alhali ana ba 'ya'yan Turawa ilmi mai zurfi. Kuma kyautar ba ta sa an daidaita rabon kuɗin baitulmali ba. Sai a 1954 Kotun Ƙoli ta yanke cewa raba makarantu saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulki, aikin malaman Jeanes kuma ya ƙare a 1968.

Mai karatu zai lura da abu biyu. Kyauta ta fi amfani in an zuba ta kan malami, gama malami ɗaya in ya gyaru, yara ɗari sun gyaru. Amma komai yawanta, ba ta sauke wa hukuma hakkin da ke wuyanta, domin kuwa ruwan aro ba ya cika rijiya.