TARIHIN FAYA, GARIN DABINO DA YA SHA YAƘIN CHADI

Da yawa daga cikinmu da muka manyanta muna tuna shekarun da ba a rufe labarun rediyo ba a ambaci Faya Largeau ba. To wane irin gari ne wannan, kuma me ya sa aka zubar da jini haka a kansa?

Faya tana cikin ƙasar Borku ne, can arewacin Chadi, tafiyar kwanaki a mota daga Njamena. Ko'ina ka duba rairayi ne da duwatsu, ruwan sama kuwa sai a shekara ba a ga na kirki ba. Amma Allah ya ajiye ruwa kusa a ƙarƙashin ƙasarta, shi ya sa take da gonakin dabino masu yawa, ga kanwa da gishiri a kewayenta. Mu 'yan kasuwa mun san abin da wannan ke nufi. Duk ayarin da ya taso daga Libiya zai gangara Tafkin Chadi, tilas ya ya da zango inda ruwa yake. Abin da ya tilasta wa raƙumi shi ya tilasta wa motar soja.

Masu garin Tubawa ne, waɗanda a Chadi ake ce wa Goran. Sun kasu biyu: Teda na duwatsun Tibesti, da Daza na Borku. Faransawa sun ci yankin a 1913, suka liƙa wa garin sunan wani kanar nasu, Largeau. Ko da Chadi ta sami 'yanci a 1960, sojan Faransa ne ya ci gaba da riƙe arewa har 1965. Da ma'aikatan Shugaba Tombalbaye suka karɓa, sai suka zo da haraji mai nauyi da wulaƙanta manya. Sarkin Teda, wato Derde, ya yi hijira zuwa Libiya, a 1966 kuma aka kafa ƙungiyar tawaye ta FROLINAT.

A cikin wannan tawaye mutum biyu suka yi fice. Ɗaya Gukuni Waddai, ɗan Derde, Bateda. Ɗayan Hissene Habre, haifaffen Faya a 1942, ɗan Daza, wanda ya yi karatu a Faris. Tare suke yaƙi har 1976, lokacin da suka ɓata a kan Gaddafi. Libiya ta riga ta mamaye zirin Auzu da ke kan iyaka. Habre ya ce ba ya karɓar makami daga hannun wanda ya ci ƙasarsu, Gukuni kuwa ya ce a fara gamawa da gwamnatin Njamena tukuna. To ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da makaman Libiya Gukuni ya ci Faya ranar 18 ga Fabrairu 1978, ya kama sojojin gwamnati masu ɗimbin yawa, ya mai da garin hedkwatarsa. Tun daga ranar arewa ta fita daga hannun Janar Malloum. Shi kuma Malloum, don neman mafita, sai ya jawo Habre ya naɗa shi firayim minista a Agusta. Ba su yi wata shida ba suka gwabza a tsakiyar Njamena.

A nan ne ƙasarmu ta shigo. An yi zaman sulhu a Kano a Maris da Afrilu 1979, aka sake zama a Legas a Agusta, aka kafa gwamnatin haɗin gwiwa: Gukuni shugaba, Habre ministan tsaro. Sulhun bai kai ko'ina ba. A 1980 suka shafe wata tara suna ruwan wuta a Njamena, mutane suka yi ta tsallaka kogi zuwa Kusiri ta Kamaru, wasu har Maiduguri. Tankokin Libiya suka kori Habre a Disamba, amma ya sake shiri a kan iyakar Sudan, ya dawo ya ƙwace mulki ranar 7 ga Yuni 1982.

Shekarar 1983 ita ce mafi muni ga mutanen Faya. Cikin kwana hamsin garin ya canza hannu sau uku. Gukuni ya ci shi ranar 24 ga Yuni. Habre da kansa ya jagoranci ƙwato shi ranar 30 ga Yuli. Jiragen Libiya suka yi ta sakin bama-bamai a kansa har ya sake faɗuwa ranar 10 ga Agusta. Faransa ta kawo sojoji ta ja layi a hamada, Chadi ta rabu biyu, Faya ta zama barikin Libiya har fiye da shekara uku. Da yawa daga masu gari suka watse, hanyar fatauci ta mutu.

Abin lura shi ne yadda aka ƙare. A ƙarshen 1986 mutanen Gukuni suka juya wa Libiya baya, suka haɗa kai da sojojin Habre. Cikin wata uku kacal, da ƙananan motocin Toyota masu ɗauke da makaman fasa tanka, a ƙarƙashin Hassan Jamus, suka ci Fada ranar 2 ga Janairu 1987, suka ci babban sansanin Wadi Dum ranar 22 ga Maris. Kafin watan ya ƙare Libiyawa suka fice daga Faya, suka bar nakiyoyi binne a rairayi, waɗanda suka daɗe suna kashe makiyaya da matafiya. Zirin Auzu kuwa, a 1994 Kotun Duniya ta ce na Chadi ne. Abin da aka yi shekaru ana kashe juna a kansa, alƙalai ne suka raba shi a zaune.

Shi ma Habre bai gama lafiya ba. Idriss Deby ya kore shi a Disamba 1990. Kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016 saboda kisa da azabtar da dubban mutane, ya mutu a can Senegal a 2021, nesa da garin haihuwarsa.

Gaddafi bai iya shiga Faya ba sai da ɗan gida ya buɗe masa ƙofa, bai kuma fita ba sai da 'yan gida suka shirya. Mu da muke zaune nesa da gida, waɗanda rigimar sarauta ko ta shugabancin kasuwa kan sa wani ya ruga neman ɗaurin gindi a waje, ya kamata mu yi wa wannan labari karatun natsuwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.