Bishiyar gidan Yamaki: shekara 400 a cikin kasko

A gandun adana itatuwa na ƙasar Amurka da ke birnin Washington akwai wata 'yar bishiya mai kaurin gindi, zaune cikin kasko, wadda tsawonta bai kai na mutum ba. Japanawa na kiran irinta goyomatsu, saboda ganyenta sirara ne kamar allura, suna fitowa biyar-biyar. An fara renonta a 1625, zamanin da Tokugawa Iemitsu ke riƙe da ragamar Japan.

Bonsai ba wani iri ba ne na daban da aka halitta wada. Bishiya ce kamar kowace, wadda da an bar ta a daji da ta yi tsawo sosai. Abin da ke tsare ta shi ne hannun mutum: a ciro ta daga kasko bayan 'yan shekaru, a datse saiwoyi, a sake mata ƙasa, a tsinke sabon toho, a naɗa wa rassa waya domin su bi inda ake so. Ƙasar kaskon kaɗan ce, don haka sakacin 'yan kwanaki da rani ya isa ya kashe aikin ƙarni guda. Japanawa sun karɓo fasahar daga Sin, inda ake ce mata penjing, suka ba ta nasu salo.

Ke nan duk tsohuwar bonsai shaida ce cewa an samu jerin mutanen da babu ko ɗaya cikinsu da ya yi watsi da amana. Wannan ta kasance a hannun iyalan Yamaki, masu sana'ar renon bonsai a Hiroshima, uba yana miƙa wa ɗa.

Da safiyar 6 ga Agusta, 1945, bam ɗin nukiliya ya tashi kimanin kilomita 3 daga gidansu. Tagogi suka tarwatse, gilasai suka yayyanki mutanen gidan, amma duk sun rayu. Bishiyar kuwa katangar lambu ce ta kāre ta.

Bayan shekara 31, lokacin da Amurka ke bikin cika shekara 200 da 'yancin kai a 1976, ƙungiyar masu bonsai ta Japan ta yi mata kyautar bishiyoyi 53. Masaru Yamaki ya sa wannan a ciki. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ba a haɗa kyautar da labarin bam ɗin ba. Mutum ya ɗauki gadon kakanninsa ya ba ƙasar da ta ƙone garinsa, kuma bai nemi a yaba masa a kan haka ba.

Shekara 25 ma'aikatan gandun suna ba ta ruwa ba su san tarihinta ba, sai a 2001 da jikokinsa biyu suka zo daga Japan domin su ga bishiyar kakansu, suka ba da labari. A 2025 ta cika shekara 400 cikin reno, kuma kowace bazara sai ta fitar da sabon tohon da za a tsinke.