Yadda Aikin Jinya Ya Shiga Jami'a

A da, nas a gefen gadon majinyaci take koyon aikinta. Makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a asibitin St Thomas na Landan a 1860 ita ce ta shimfiɗa wannan tsari: ɗaliba ta zauna a asibiti, ta yi aiki a ƙarƙashin babbar nas, ta fito da takardar shaida. Turawan mulkin mallaka suka kawo shi Najeriya yadda yake.

A wannan makaranta ta Landan wata 'yar Najeriya, Kofoworola Pratt, ta yi karatu, ta dawo gida, a 1964 ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinya a asibitin koyarwa na Ibadan.

Shekara guda bayan haka Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen digirin jinya, na farko a ƙasar. Amma fa ba na sababbin shiga ba ne; waɗanda suka riga suka ƙware ake ɗauka, domin su zama malamai da shugabanni. Sai daga baya ƙofa ta buɗe wa masu fitowa daga sakandare.

Yau digirin shekara 5 ne, kuma har yanzu ba ya wadatarwa sai da lasisin Hukumar Jinya da Ungozoma, wadda dokar 1979 ta kafa.