Lambar fayil da girman faifai: gadon da muke ta fama da shi

Duk wanda ya daɗe yana kula da sabar kwamfuta a Tahoua ya san ba a cika sayen babban faifai tashi ɗaya ba. Da ƙarami ake farawa, in kuɗi sun samu a sayo wani a haɗa, a faɗaɗa. Shi ya sa zancen inod ya zame mana ruwan dare.

Inod ɗin kowane fayil tamkar takardar fili yake: ba shi ne gidan ba, amma shi ke faɗin mai shi, da girmansa, da inda yake. Ken Thompson da Dennis Ritchie ne suka kafa wannan tsari a Unix, a Bell Labs ta Amurka, wajen 1970. A 1993 wani Bafaranshe, Rémy Card, ya fito da tsarin fayil na ext2 don Linux: ya kasa faifai rukuni-rukuni, kowane rukuni da adadin inod ɗinsa, ƙayyadadde tun ranar fomat. Har ext4, wanda ya kankama a 2008, bai bar wannan ɗabi'a ba. In ba ka ce komai ba, inod ɗaya ake ware wa kowane kilobayit 16. Ka faɗaɗa da resize2fs, za a ƙara rukunai da inod ɗinsu, amma a kan ma'aunin farko.

Na ga aikin wannan ma'auni a wani ofis a cikin gari. Saba ta ƙi karɓar ko wasiƙar imel ɗaya, tana cewa babu wuri. Umarnin df -h ya nuna rabin faifan fayau, df -i kuwa ya nuna kashi 100. Ƙananan fayiloli ne suka cinye inod kaf, suka bar fili ba mai shiga.

Kamfanin Silicon Graphics ya bi wata hanya da XFS a 1994, kafin ya iso Linux a 2001. Shi ba ya ƙayyade adadi tun farko: sai buƙata ta taso yake ƙirƙiro inod, 64 a kowane karo. Sai dai lambar kowane inod daga mazauninsa a faifai ake ciro ta. In faifai ya yi girma, lamba ta haura bit 32, tsofaffin manhajoji su rikice. Maganin da aka yi shi ne inode32: a tsare dukkan inod a cikin terabayit na farko, muddin girman inod bayit 256 ne.

Nan ne masu faɗaɗawa irinmu suka sha wuya. Faifai mai gigabayit 900 ya cika, ka kai shi terabayit 3 da xfs_growfs. Gaban ya riga ya cunkushe da bayanai, mafi yawan sabon filin kuma an hana inod sauka a cikinsa. Ba a jima ba sai ka ji babu wuri, ga fili kuwa har da saura. Kalma ɗaya a /etc/fstab, wato inode64, ke kwance wannan ƙulli. Daga Linux 3.7, a Disamba 2012, ita ce ta zama tsarin asali, kuma a 2014 Red Hat ta ɗauki XFS a matsayin zaɓin farko a RHEL 7.

Amma komawa baya ba ta da sauƙi. Ko ka sake ɗora faifan da inode32, fayilolin da suka sami doguwar lamba suna nan da abarsu. A yankinmu, inda tsohuwar manhajar lissafi mai bit 32 kan yi shekaru tana aiki don ba kuɗin sabuwa, sai an gwada kafin a taɓa. Ga shi XFS girma ya iya. In kana son ƙarami, sai kwashe kaya da sabon fomat.

Don haka yaron da ya zo koyon aiki wurina, kafin ya buga mkfs don yin fomat, tambaya uku nake sa shi ya amsa: waɗanne irin fayiloli za a zuba, wace manhaja za ta karanta su, kuma ina faifan zai kai nan da shekara biyar?