Fuska a Madadin Murya: Bahasi a Kan Bangon Mujallun Kiɗa

Duk wanda aka ɗora wa nauyin tsara bangon mujallar kiɗa da waƙa, tun kafin ya zaɓi launi ko ya auna girman harafi, sai ya ci karo da wata mas'ala wadda ba ta damun takwaransa na mujallar tufafi ko ta motoci, watau cewa hajar da yake talla ba ta ganuwa. Riga ana ɗaukar hotonta, mota ma haka, amma amon jita da zaƙin murya ba su da surar da tawada za ta kama. Wannan larura ce ta sa masu sana'ar a Ingila da Amurka suka koma ga fuskar mawaƙi, suka mai da ita wakiliyar muryarsa, kuma daga nan sauran ƙa'idojin aikin suka tsiro.

Zahirin waɗannan ƙa'idoji ba ya bukatar dogon sharhi. Ana sa sunan mujalla a can sama, ana tara manyan kanun labarai a gefen hagu, domin a kantin jaridu akan jera mujallu wata bisa wata har ya zama ba abin da ke leƙowa sai kai da gefe. Ana so mawaƙi ya dubi na'urar ɗaukar hoto kai tsaye, don mai wucewa ya ji kamar shi ake kallo. Wani lokaci kuma a manna kaset ko faifai a jikin bangon, wanda shi ne iyakar ƙoƙarin takarda na ta yi sauti. Duk wannan dabara ce ta kasuwa, ɗalibin zane yana iya haddace ta cikin mako guda, kuma da a ce ita kaɗai ce sirrin, da kowace mujalla ta yi arziki.

Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne baɗinin al'amarin: bango hukunci ne, kuma mai saye, ko ya sani ko bai sani ba, hukuncin yake biya wa kuɗi. Idan edita ya ɗauki mutum guda daga cikin ɗaruruwan mawaƙan da suka fitar da faifai a wannan wata ya ɗora shi a gaba, to, ya yi masa irin abin da malami yake yi wa almajiri ran da ya ba shi ijaza, watau ya shaida a bainar jama'a cewa wannan ya isa. Mujallar Rolling Stone, wadda Jann Wenner da Ralph Gleason suka kafa a San Francisco, ta fito karon farko ran 9 ga Nuwamba 1967 da hoton John Lennon a gaba, tana kama da jarida fiye da mujalla; amma ba a yi shekara shida ba sai da darajar bangonta ta kai ga ƙungiyar Dr. Hook ta rera waƙa sukutum a kan burin hawa shi, mujallar kuwa ta biya musu bukata a 1973, ko da yake da zanen barkwanci maimakon hoto.

Dalili mafi ƙarfi, a ganina, yana cikin bango biyu na wannan mujalla. Na farko shi ne na 22 ga Janairu 1981, mai ɗauke da hoton Lennon da matarsa Yoko Ono, wanda Annie Leibovitz ta ɗauka ran 8 ga Disamba 1980, sa'o'i kaɗan kafin a harbe shi a New York. Ba a rubuta kome a kansa ba sai sunan mujalla, aka watsar da sauran ƙa'idojin da muka ambata, amma duk da haka ƙungiyar editocin mujallun Amurka ta zaɓe shi a 2005 a matsayin bangon da ya fi kowane cikin shekara arba'in. Na biyu shi ne na 2013, inda aka sa fuskar Dzhokhar Tsarnaev, ɗaya daga cikin waɗanda suka tayar da bam a gasar gudu ta Boston. Hoton nan kansa ya riga ya fito a shafin farko na jaridar New York Times ba tare da an yi wani ƙorafi mai yawa ba; amma da ya hau bangon Rolling Stone sai magajin garin Boston ya rubuta takardar suka, manyan kantuna irin su CVS da Walgreens suka ƙi sayar da fitowar. Hoto ɗaya ne, mutum ɗaya ne, abin da ya bambanta kawai shi ne mazaunin, domin jama'a sun ɗauki shafin jarida wurin ba da labari, bangon mujallar kiɗa kuwa wurin ba da girma.

Mai jayayya zai ce, ai wannan duk ƙawata magana ce, edita ba alƙali ba ne, ɗan kasuwa ne, wanda zai sayu shi yake ɗorawa. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, ba kuwa zan musa ba. A Agustan 1995 mujallar NME ta London ta tsara bangonta tamkar sanarwar damben zakaru tsakanin ƙungiyoyin Blur da Oasis, waɗanda suka fitar da waƙoƙinsu rana guda, ta hura wutar gaba don ta sayar da takarda, ta kuwa sayar. Mafi muni daga wannan, a 1980, bayan faifansa na 1979 ya sayu miliyoyi, Michael Jackson ya nemi bangon Rolling Stone aka hana shi, har ya koka cewa an sha gaya masa baƙar fuska ba ta sayar da mujalla. Sai dai wannan misali, in an lura, hujjata yake ƙarfafawa, gama ba wanda zai ji zafin an hana shi talla alhali kasuwarsa tana ci. Zafin da ya ji na an tauye masa shaida ne. Kafa mujallar Vibe da Quincy Jones ya yi a 1993 kuwa, wani ɓangare na ma'anarsa shi ne samar wa mawaƙa baƙaƙe majalisar da za ta yi musu tazkiyya ba tare da sun roƙa ba.

Sa'an nan hukunci ba ya da ƙima sai in akwai jama'a takamaimai da suka yarda da mai yanke shi, kuma a nan ne ƙarshen bugun NME na mako-mako yake da abin lura. Mujallar da aka kafa a 1952, wadda ta fara buga jadawalin waƙoƙin da suka fi sayuwa a Birtaniya, ta wayi gari masu sayenta ba su kai 20,000 ba, sai ta koma kyauta a Satumban 2015, da Rihanna a bangon farko, ana raba kwafi wajen 300,000 a tashoshin jirgin ƙasa da jami'o'i da kantuna. Adadin ya ƙaru ninki-ba-ninki, amma bangon da a dā yake magana da saurayin da ya tara kuɗinsa don ya ji wa editoci suka ɗaga wa tuta a wannan mako, sai ya zama tilas ya yi wa kowane matafiyi murmushi, ya kuma gamsar da masu talla waɗanda su ne suke biyan kuɗin bugu. A Maris 2018 aka dakatar da buga ta mako-mako a takarda.