Shekarun Kashi Ba Su Kai Awanninsa Muhimmanci Ba: Sake Duba Awon Sinadarin Damuwa a Kashin Namun Daji

Tsakure

Maƙalar ta sake nazarin hanyar auna ragowar sinadarin kotizol a kashin namun daji. Matsayarta ita ce, lokacin da kashi ya ɗauka a ƙasa kafin a tsince shi kan sauya adadin da ake samu, har a ɗora wa dabba damuwar da ba tata ba.

Gabatarwa

Idan dabba ta firgita, ƙullutun da ke saman ƙodarta kan saki kotizol cikin jini. Matsalar ɗiban jini ita ce kamun kansa firgici ne, cikin kamar minti 3 adadin ya fara hawa. Kashi kuwa ba ya buƙatar kamu. Hanta ke sarrafa sinadarin, ya bi ruwan matsarmama zuwa hanji, ya fito a makare. Palme da abokan aikinsa a Biyana (1996) sun nuna jinkirin ya kai kamar awa 12 a tumaki, 24 a dawaki, 48 a aladu. A giwa ya haura kwana guda.

Bitar Ayyuka

Wasser da abokansa (2000) sun nuna awon na aiki a dabbobi da tsuntsaye iri-iri, ba mu da ja a nan. Creel da abokansa (2002) sun samu adadin ya ƙaru a kashin gwanki na Amurka a dajin Yellowstone gwargwadon yawan baburan ƙanƙara da ke kaiwa da komowa. Aiki ne mai kyau, amma masu kafa hujja da shi sukan manta abu guda: a hunturu aka yi shi, ƙanƙara ce ta zama firiza tun daga faɗuwar kashin. Wanda ya ɗauko wannan tabbaci ya kawo shi dajin da rana ke dukan ƙasa, ya ɗauko abin da bai biya kuɗinsa ba.

Hanya

An kwatanta ayyukan da aka riga aka buga, ana duba yadda kowanne ya tsinci kashi, ya adana shi, ya kuma tace shi. Tsarin da aka fi bi shi ne daskarewa a maki 20 ƙasa da sifili, sannan a jiƙa rabin giram cikin metanol mai ƙarfin kashi 80.

Sakamako da Tattaunawa

Kashi ba ya mutuwa da faɗuwarsa. Ƙwayoyin bakteriyar hanji suna nan a ciki, suna ci gaba da juya sinadarin. Möstl da abokansa (1999) sun ajiye kashin shanu a zafin ɗaki, cikin 'yan awanni adadin da awonsu ke kamawa ya hau, alhali saniyar ba ta san ana yi ba. Washburn da Millspaugh (2002) sun yayyafa wa kashin barewar Amurka ruwa kamar na sama, nan ma adadin ya ƙaru. A wasu awo daban kuma sauka yake yi, domin kowane awo da irin ragowar da yake ganewa.

A hango tulin kashin giwa da hantsi. Samansa ya fara bushewa kamar kandilo, cikinsa da ɗumi da laima, buzuzu ya riga ya fara mirgina rabonsa. Mai ɗiba daga sama da mai ɗiba daga tsakiya ba abu ɗaya suka kai ɗakin gwaji ba.

Da wannan ido ya kamata a karanta binciken Foley da abokansa (2001) a Tarangire ta Tanzaniya, inda adadin ya fi yawa da rani. Fassarar da aka saba ita ce ƙarancin ruwa da abinci. Tana iya zama gaskiya. Sai dai da rani giwa kan koma cin ɓawon itace da busasshiyar ciyawa, yawan kashin da saurin fitarsa su canza, kuma Goymann (2012) ya ja kunne cewa abinci kaɗai na iya karkatar da awo. Duk mai shirin irin wannan aiki a kan giwayen Yankari, cikin zafin bazara da wutar lantarki mai ɗaukewa, sai ya fara gwada yadda adadin ke sauyawa awa bayan awa kafin ya ɗora laifin damuwar giwayen a kan manoma ko mafarauta.

Iyakoki

Gaskiya ne babu sabon samfur a wannan nazari, kuma gwaje-gwajen da muka fi dogara da su an yi su ne a kan shanu da barewar ƙasashen sanyi. Za a iya cewa giwa daban take. To, a gwada a gani.