KULA DA BUSHEWAR FATA DA KIRCI A JIKIN JARIRAI

Gabatarwa

A kowace shekara, daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar watan Maris, iskar hunturu kan kaɗo daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar hamadar Sahara. A wannan lokaci danshin da ke cikin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, abin da ke jawo wa manya kaushi da faso da tsagewar leɓe. Jarirai kuwa sun fi kowa shan wahala, domin fatarsu ta fi ta babba rashin kauri, kuma ta fi saurin zubar da danshinta. Mun tanadi wannan bayani ne domin iyaye da ungozomomi da shugabannin al'umma su san cewa tushen maganin bushewar fata da kirci shi ne wanka mai sauƙi da yawaita shafa mai, sa'annan su san haɗarin da ke tattare da wasu mayukan da ake saya barkatai, da kuma lokacin da ya wajaba a garzaya asibiti.

Mene ne Kirci?

Fatar ɗan Adam tamkar katanga ce da ke tsare danshin jiki daga fita, take kuma hana ƙura da ƙwayoyin cuta shiga. Idan wannan katanga ta yi rauni, sai fata ta bushe ta yi ƙananan tsage-tsage, abubuwan da ke waje su shiga su tayar da kumburi da ƙaiƙayi. Yaro ya sosa, susar ta ƙara ɓarke fatar, ƙaiƙayin ya ƙaru. Wannan shi ne kirci, wanda likitoci ke kira ezima.

Kirci na daga cikin cututtukan fata da suka fi yawa a tsakanin yara, har a wasu ƙasashe yakan kama yaro 1 cikin 5. Yawanci yakan fara bayyana kafin jariri ya cika wata 6. Akwai gado a cikinsa, domin an fi ganinsa a gidajen da ake da masu asma ko masu yawan atishawa saboda ƙura. A shekarar 2006 masana a Jami'ar Dandi ta ƙasar Sikotland suka tabbatar da cewa tawaya a ƙwayar halittar da ke samar da wani sinadarin fata mai suna filagirin na daga cikin manyan dalilansa. A saboda haka wajibi ne a fahimci cewa kirci ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, ba ƙazantar uwa ke kawo shi ba, kuma ba alama ce ta ɓacin nono ba. Yawancin yara kan sami sauƙi sosai yayin da suke girma.

Yadda Ake Gane Shi

A jikin jariri kirci kan fito a kumatu da goshi da fatar kai da bayan hannuwa da ƙwauri. Idan yaro ya fara tafiya sai ya koma lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa da wuya. A baƙar fata irin tamu ba kasafai wurin kan yi ja ba. Yakan yi duhu ko toka-toka, ya yi garje, wani lokaci da ƙananan ƙuraje birjik. Babbar alamarsa ita ce ƙaiƙayi: jariri na goga fuska a bayan uwarsa ko a shimfiɗa, yana kuka da dare ba ya barci. Bayan ya warke wurin kan yi haske ko duhu na wasu watanni, daga bisani launin ya dawo da kansa.

Akwai wasu larurori da ake ɗauka kirci ne alhali kuwa daban suke:

1. Saɓar fatar jariri a makonnin farko bayan haihuwa. Wannan ba cuta ba ce, takan wuce da kanta.

2. Ɓawo mai maiƙo a tsakiyar kai, wanda ba ya ƙaiƙayi. A shafa mai ya kwana, a wanke a hankali, kada a kankare.

3. Ƙurajen zafi, waɗanda kan fito a wuya da ƙirji da baya lokacin bazara ko idan an jibga wa yaro tufafi.

4. Kazuwa, wadda ƙwaro ke jawowa. Takan fito a tafin hannu da tafin ƙafa da hammatar jariri, kuma za a ga wasu mutanen gidan su ma suna susa da dare. Ita tana yaɗuwa, kuma sai an yi wa dukan mutanen gida magani lokaci guda.

5. Makero, mai fitowa a zagaye, yana cinye gashin kai.

Wanka

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jinkirta wankan farko har jariri ya yi awa 24 da haihuwa, idan hakan bai yiwu ba to aƙalla awa 6. Farin maiƙon da ake haifar jariri da shi kariya ce ga fatarsa, bai kamata a dirje shi ba.

Daga nan kuma wanka sau ɗaya a rana ya wadatar, na tsawon minti 5 zuwa 10. Ruwan ya kasance mai ɗumi kawai, uwa ta gwada shi da gwiwar hannunta. Mun san al'adarmu ta yi wa jariri wanka da ruwa mai zafi sosai safe da yamma tare da gasa masa jiki, amma ruwan zafi na narkar da maiƙon da fata ke kare kanta da shi. Haka nan a guji soso, da sabulu mai ƙamshi, da sabulun wanki, da sabulun salo mai kaifin toka, da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a ruwan wanka. A yi amfani da tafin hannu, da ɗan sabulun jarirai marar turare a wuya da hammata da wurin ƙunzugu. Bayan wanka a tsane jiki ta hanyar danna tawul a hankali ba tare da gogawa ba.

Shafa Mai

Wannan shi ne ginshiƙin maganin. A shafa mai nan take bayan wanka tun jiki na da sauran laima, sa'annan a maimaita sau 2 zuwa 4 a rana, a dukan jiki, ko da fatar ta yi kyau. Mai mai kauri ya fi mai ruwa-ruwa amfani a lokacin hunturu. Farin basilin marar turare na da araha kuma yana aiki sosai. Man kaɗanya tsantsa wanda ba a gauraya da turare ko wani abu ba shi ma yana da kyau, sai dai a fara gwada shi a ɗan wuri kaɗan a gani. A riƙa ɗibar mai da cokali mai tsabta domin kada yatsa ya kai ƙwayoyin cuta cikin kwalba, a kuma shafa shi ta inda gashi ya kwanta. Yaron da kirci ya mamaye jikinsa na iya buƙatar giram 250 a mako guda. Kafin shayarwa ko ba da abinci, a ɗan shafa basilin a haɓa da kumatu saboda dalalar miyau.

Akwai mayukan da ba mu ba da shawarar shafa su a kan kirci ba. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Shefil ta Ingila, aka wallafa a 2013, ya nuna cewa man zaitun na raunana katangar fata. Man gyaɗa kuwa idan ana shafa shi a fatar da ta tsage yana iya sa jikin yaro ya ƙi gyaɗa nan gaba. Man zafi ma ba na jarirai ba ne, hoda kuma na ƙara busar da fata, ga haɗarin shaƙarta.

Gargaɗi: tufafi da shimfiɗar da suka sha mai suna saurin kamawa da wuta. A nisanta jariri daga murhu da kaskon garwashi da fitilar kananzir, musamman a lokacin jin ɗumi.

Har ila yau, binciken da aka wallafa a 2020 daga Birtaniya, da wani daga Norwe da Suwidin, sun nuna cewa shafa wa lafiyayyen jariri mai kullum ba ya hana kirci fitowa. Amfanin mai shi ne kwantar da bushewa da rage tashin ciwon ga wanda ke da shi.

Tufafi da Muhalli

A sa wa jariri rigar auduga a jikinsa kafin a ɗora rigar sanyi, domin ulu da yadin leda na tayar da ƙaiƙayi. Zanin goyo shi ma ya kasance na auduga. A ɗauraye kayansa sosai har kumfa ta fita, kada kuma a ajiye su da kafur. Yawan rufa na kawo gumi, gumi kuwa na tayar da kirci. A yanke masa farce a kai a kai. A yayyafa ruwa kafin shara, a kuma fitar da shi daga ɗaki idan ana turaren wuta ko girki.

Shayarwa da Abinci

A ci gaba da shayar da nonon uwa zalla har wata 6, sa'annan a haɗa da abinci har shekara 2. Kada a yaye yaro saboda kirci, kada kuma a hana shi ko uwarsa ƙwai ko kifi ko gyaɗa ba tare da umarnin likita ba, domin hakan na iya jefa shi cikin tamowa. Wani bincike da aka yi a Landan aka wallafa a 2015 ya nuna cewa fara ba jarirai abincin gyaɗa da wuri na rage ƙin gyaɗa ƙwarai. Amma idan kircin ya yi tsanani, a nemi shawarar likita kafin a fara ba da kunun gyaɗa.

Magunguna da Haɗarinsu

Idan mai kaɗai bai kwantar da ciwon ba, ma'aikacin lafiya kan rubuta man haidirokotizon mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, a shafa a wurin ciwon kawai sau 1 ko 2 a rana na 'yan kwanaki. Abin da ya cika gaɓar farko ta yatsan babba ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu. Idan aka bi ƙa'ida, wannan magani ba abin tsoro ba ne.

Abin da ke damunmu shi ne mayukan da ake saya a kemis da kasuwanni, waɗanda aka haɗa magani uku a kwali ɗaya, da kuma mayukan bilicin. Da yawansu na ɗauke da magani mai ƙarfi irin su betametason ko kulobetasol. Sukan kwantar da ƙuraje cikin kwana biyu, shi ya sa iyaye ke yaba su, har wasu na zuba su cikin man shafawar jariri domin ya yi haske. Jikin jariri kan tsotse wannan magani ya shiga jini. Sakamakon haka fata kan sirance ta yi nankarwa, fuska ta kumbura, girma ya tsaya, garkuwar jiki ta yi rauni, makero da kazuwa kuma su ƙara bazuwa. Wanda ya daɗe yana shafa wa ɗansa irin wannan mai ya kai shi asibiti tare da kwalin, kada ya daina farat ɗaya ba tare da shawara ba. Ko da magani na ɗauke da lambar hukumar NAFDAC, hakan ba ya nufin ya dace da jariri. Haka nan a guji tsaga da shafa toka ko kanwa ko baƙin mai a kan fatar da ta ɓarke.

Lokacin Zuwa Asibiti

A kai jariri cibiyar lafiya mafi kusa ba tare da ɓata lokaci ba idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Wurin na tsatsafar da ruwa ko mugunya, ko ya yi ɓawo ruwan zuma.

2. Ƙananan ƙuraje masu ruwa iri ɗaya sun fito a tare suna fashewa suna barin ramuka, musamman kusa da ido. Wannan na gaggawa ne, a tafi a ranar.

3. Zazzaɓi, musamman ga jaririn da bai kai wata 3 ba, ko ƙin kama nono, ko yawan kasala.

4. Kumburin leɓe ko fuska, ko wahalar numfashi bayan cin wani abinci.

5. Fata na saɓulewa tare da kumburin ƙafafu da canjin launin gashi, domin alamun tamowa ne mai tsanani.

6. An yi mako 2 ana shafa mai yadda ya kamata babu sauƙi.

Kira ga Shugabannin Al'umma

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai da kansiloli da kwamitocin raya mazaɓu da su isar da wannan bayani ga jama'a tun kafin shigowar hunturu, a wuraren suna da ranakun awo da rigakafi. Muna kuma jan hankalin sassan lafiya na ƙananan hukumomi da su faɗakar da ungozomomi da masu kemis a kan haɗarin ba jarirai mayuka masu ƙarfi. Ga magidanta kuwa, sayen man shafawa da kai yaro asibiti a kan lokaci nauyi ne da ya rataya a wuyansu. Allah Ya raya mana zuriyarmu cikin ƙoshin lafiya, amin.